Faifan The Byrds' Greatest Hits: ya isa mutum ya ce ya san ƙungiyar da shi kaɗai?

Tambaya: Salamu alaikum yaya. Na ci karo da wani tsohon faifan garmaho a cikin kayan kawuna, an rubuta The Byrds' Greatest Hits a jiki. Ba ni da abin sa shi sai na nemi waƙoƙin a YouTube, kuma gaskiya sun min daɗi musamman ƙarar jitar. Amma da na duba sunayen marubuta sai na ga Bob Dylan har sau huɗu, Pete Seeger sau biyu. To ya za a ce waɗannan su ne manyan waƙoƙinsu alhali fiye da rabi ba su suka rubuta ba? Kuma in na riƙe wannan faifan kaɗai ya isa in ce na san su?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Da farko dai ka adana faifan nan da kyau, kar ka jingine shi inda rana ke bugawa don lanƙwashewa yake, kuma a tsaye ake ajiye shi ba a kwance ba. Lissafinka daidai ne, waƙa 11 ce a ciki, 6 ba nasu ba ne. Amsa a taƙaice ita ce faifan ya isa ka san The Byrds na shekara biyu, daga 1965 zuwa farkon 1967, kuma a wannan ɗan tsakanin da wuya ka samu abin da ya fi shi. Bayan nan kuwa bai san komai ba, saboda lokacin da ya fito ƙungiyar ko rabin rayuwarta ba ta yi ba.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne irin wannan faifan na tara fitattun waƙoƙi ba mawaƙa ne ke zama su tsara shi don tarihi ba, yawanci kamfani ne ke haɗa shi don kasuwa. Kamfanin Columbia da ya fitar da wannan a watan Agusta na 1967 ya daɗe da sanin ribar abin, domin shi ne a 1958 ya tattara waƙoƙin Johnny Mathis a faifai ɗaya, faifan ya yi mako 490 a jadawalin Billboard na faifan da suka fi sayuwa a Amurka, kusan shekara goma kenan. Kuma a watan Maris na 1967 ɗin dai suka yi wa Bob Dylan irinsa, lokacin yana gida bayan haɗarin babur ɗin da ya yi a 1966 ba sabon abu daga wajensa. Ka ga dabarar ai, ba kuɗin situdiyo ba kuɗin makaɗa, waƙoƙin suna nan a ajiye, sabon bango kawai za a buga a sa a kanti. A zamanin kuma matasa ƙananan faifai suke saye, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, don babban faifai da tsada, to in aka haɗa musu waɗanda suka saba ji a rediyo wuri guda sai ya zama araha. Na The Byrds ya kai lamba 6 a Amurka, daga baya a 1986 aka tabbatar ya wuce kwafi miliyan ɗaya, kuma har yau shi ne faifansu da ya fi kowanne sayuwa.

Yanzu maganar waƙoƙin aro. Nan ne nake ganin mutane da yawa ke yi musu rashin adalci saboda suna auna su da ma'aunin yau. Ka san mutanen nan biyar, Jim McGuinn wanda daga baya ya koma Roger McGuinn, Gene Clark, David Crosby, Chris Hillman da Michael Clarke, ba daga kiɗan rok suka taso ba. McGuinn da Clark da Crosby ƴan waƙoƙin gargajiyar Amurka ne, irin waɗanda ake rerawa da jitar katako a gidajen shan kofi, Hillman kuma mandolin yake kaɗawa a kiɗan ƙauye, sai da ya shigo ƙungiyar ya koyi jitar bes. Shi Michael Clarke ma ana yawan cewa kamanninsa da askinsa ne suka fi sa aka ɗauke shi, gangar a kan aiki ya koya. A waccan al'adar da suka fito ba abin kunya ba ne ka rera waƙar wani, ita ce ma sana'ar, waƙa tana yawo daga baki zuwa baki kowa ya sa mata nasa. Abin da suka kawo sabo a Los Angeles a 1964 shi ne suka ɗauki waɗannan waƙoƙi masu nauyin magana suka ɗora su kan kiɗan lantarki irin na The Beatles, da ganga da bes, yadda matashi zai iya rawa da su. Shi ne ƴan jarida suka sa wa suna fok-rok a 1965.

Ka ɗauki waƙar farko a faifan, Mr. Tambourine Man. Ta Dylan baiti huɗu ce dogaye, ta haura minti biyar, shi da jitarsa da hamonika sai jitar lantarki ɗaya a hankali a bayansa. Babu gidan rediyon da zai sa wannan a shirin matasa a lokacin. Su The Byrds suka zubar da baiti uku suka bar ɗaya tal da amshi, suka sauya bugun, suka dawo da ita minti biyu da rabi ko ƙasa da haka kaɗan, McGuinn ya ƙirƙiro wannan ɗan kiɗan buɗewa da kowa ke gane ta da shi wanda babu shi sam a ta Dylan. Ta fito a watan Afrilu na 1965 ta kai lamba 1 a Amurka da Ingila, a lokacin da shi kansa Dylan bai taɓa kaiwa can da muryarsa ba. To wa ke da waƙar? Kalmomin na Dylan ne ba musu, amma abin da ya ratsa kunnenka a YouTube har ka zo kana tambaya, wannan nasu ne.

Sai dai akwai wani abu da bangon faifan ba zai faɗa maka ba. Ranar 20 ga Janairu 1965 da aka ɗauki waƙar, furodusan Terry Melcher bai yarda da hannun yaran ba tukuna, sai ya kira makaɗan haya na Los Angeles, waɗanda daga baya aka fi sani da Wrecking Crew, Hal Blaine a ganga, Larry Knechtel a bes, da sauransu. McGuinn ne kaɗai ɗan ƙungiyar da ya taɓa kayan kiɗa a waƙar, sai muryoyin shi da Clark da Crosby. Wasu sukan miƙe da wannan su ce ai duk faifansu na farko ƴan haya ne suka kaɗa, wannan kuma ƙarya ce, waƙar nan da wadda ke bayanta a ƙaramin faifan ne kawai, sauran duk da hannunsu suka yi.

Tunda jitar ce ta ja ka bari in tsaya a kanta. Rickenbacker ce mai tsirkiya 12, McGuinn ya ga George Harrison da irinta a fim ɗin The Beatles na 1964 ya je ya samo tasa. Tsirkiyoyin bibbiyu suke, ka danna biyu da yatsa ɗaya, kuma a huɗu daga cikin shidan ta biyun siririya ce mai murya sama da ta ƴar uwarta, shi ya sa bugu ɗaya ke fitowa kamar mutum biyu ne suka buga tare, babba da yaro. Rickenbacker ta bambanta da sauran jita masu 12 a wajen jeri, in ka sauke hannu ƙasa mai kaurin kake fara taɓawa kafin siririyar, sai ƙarar ta ƙare da wani ɗan ƙyalli a sama. McGuinn kuma ɗan banjo ne tun asali, sai ya riƙe abin kaɗawa tsakanin babban yatsa da manuni, ya sa ƴan ƙarafa a sauran yatsu biyu yana tsinkar tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya maimakon ya share su gaba ɗaya. A situdiyo kuma aka bi da sautin ta na'urar da ke matse ƙara, tana danne mai ƙarfi tana ɗaga mai rauni, sai kowane bugu ya daɗe yana amo bai mutu da wuri ba. In ka sa abin ji a kunne ka saurari The Bells of Rhymney za ka ji abin da nake nufi, kamar ƙararrawa ake kaɗawa. Kuma abin daɗin shi ne Harrison da aka kwaikwaya shi ma ya dawo ya ɗauki salon wannan waƙar ya gina If I Needed Someone a kai a ƙarshen 1965, kuma bai ɓoye ba, har saƙo ya aika musu.

Ita The Bells of Rhymney ɗin asalinta rubutacciyar waƙa ce ta Idris Davies, mutumin Wales wanda ya yi aikin haƙar kwal tun yana yaro, tana magana kan wahalar garuruwan masu haƙar kwal, Pete Seeger, mawaƙin gargajiyar Amurka, shi ne ya sa mata karin rerawa. Ita kuma Turn! Turn! Turn! kusan duk kalmominta daga Tsohon Alkawari suke, littafin Mai Hadishi sura ta 3 inda ake cewa kowane abu da lokacinsa, Seeger ya ƙara ƴan kalmomi a ƙarshe kan zaman lafiya. Ta kai lamba 1 a watan Disamba na 1965, daidai lokacin da Amurka ke ta tura sojoji Biyetnam, don haka mutane ba a matsayin karatun coci suka ji ta ba. Ka ga ko shi Seeger da aka rubuta sunansa a matsayin marubuci, a duka biyun kalmomin wani ya ɗauka. Haka gidan yake.

Muryoyin ma akwai ɗan sirri. Mutane suna ɗauka murya uku ce kowacce da hanyarta, amma yawanci McGuinn da Clark layi ɗaya suke bi tare, Crosby ne ke yawo a samansu, wani lokaci ya matso kusa wani lokaci ya yi nisa, shi ya sa kake jin kamar sun fi haka yawa. Duk abin da za a ce kan halin Crosby, kuma akwai abin cewa, kunnensa a wannan fannin ba na wasa ba ne.

To yanzu ɗauko faifan ka juya shi, don a nan ne nake ganin wanda ya jera waƙoƙin ya yi aiki da hankali, ko da gangan ko dace ne. Fuskar farko waƙa 6 ce, duk na 1965, kuma biyar a ciki na aro ne. Fuska ta biyu waƙa 5 ce na 1966 da 1967, huɗu a ciki su suka rubuta da kansu, ɗaya ce kawai ta Dylan. Wato lokacin da allura ta kai ƙarshen fuskar farko ka tashi ka juya faifan, ka tsallaka daga ƙungiyar da ke gyara waƙar wasu zuwa ƙungiyar da ke yin tata. A waya ko YouTube ba za ka lura da wannan ba saboda waƙoƙin bin juna kawai suke ba tsayawa. Duk faifan kuma rabin awa ne da ƴan mintuna.

Kuma dubi abin da ke buɗe fuska ta biyun, Eight Miles High. A ganina ita ce waƙa mafi girma da suka taɓa yi, ko da yake lamba 14 kawai ta kai a Amurka. Labarin tafiyarsu Landan ce a watan Agusta na 1965, tafiyar da ba ta yi musu daɗi ba don an tallata su a matsayin amsar Amurka ga The Beatles, jaridun Ingila kuwa suka yi musu ca. Gene Clark ne ya kawo yawancin kalmomin, McGuinn da Crosby suka ƙara. A ƙarshen 1965 suna yawon wasa a mota suna ta jin kaset mai kiɗan John Coltrane a gefe ɗaya, Ravi Shankar na Indiya a ɗaya gefen, har abin ya zauna musu a kai, sai McGuinn ya ce bari ya gwada sa jitarsa ta yi abin da sakisofon ɗin Coltrane ke yi. Shi ne wannan kiɗan da kake ji kamar ya rikice yana tuntuɓe yana tashi, ba kuskure ba ne, haka aka nufa. Sun fara ɗaukarta a situdiyon RCA a watan Disamba na 1965, Columbia ta ce ba za ta fitar da abin da ba a gidanta aka ɗauka ba, dole suka sake a Janairu. Ta fito a watan Maris na 1966 tana hawa, sai wata takarda da gidajen rediyo ke dogara da ita wajen zaɓen waƙa, Gavin Report, ta ce waƙar shan ƙwaya ce, tashoshi da dama suka daina sa ta. A lokacin sun musanta suka ce maganar jirgin sama ce, daga baya Clark da Crosby sun yarda abin ya haɗa duka biyun. Daga nan ba su sake shiga goman farko ba.

Ragowar fuskar ba su kai ta ba amma kowacce da abin da take nunawa. 5D ta McGuinn ce, lamba 44 ta tsaya, ka ga ko a ma'aunin kasuwa ba wata babbar nasara ba ce. Mr. Spaceman wasa ce kawai kan baƙi daga sararin samaniya, amma in ka kasa kunne za ka ji ƙamshin kiɗan ƙauyen Amurka a ciki, wanda shi ne inda za su dosa nan gaba. So You Want to Be a Rock 'n' Roll Star kuwa habaici ce McGuinn da Hillman suka yi wa yadda kamfanoni ke ƙera taurari, mutane da yawa sun ɗauka da The Monkees ake, ƙungiyar da aka haɗa don shirin talabijin, ni kuma abin da ke ba ni dariya shi ne masu habaicin su ma a waƙarsu ta farko ƴan haya ne suka kaɗa musu. Ƙahon da kake ji a cikinta Hugh Masekela ne na Afirka ta Kudu, yana gudun hijira a Amurka lokacin saboda mulkin wariyar launin fata, shekara ɗaya kafin tasa waƙar Grazing in the Grass ta kai lamba 1 a 1968, kuma shi ne dai daga baya ya zo Legas wajen Fela. Ihun ƴan matan da ke ciki ma na gaske ne, an ɗauko shi a wani wasansu a Ingila a 1965.

Sai My Back Pages ta rufe, ta Dylan, kuma Crosby bai so a yi ta ba, yana ganin komawa baya ne bayan sun nuna za su iya rubuta nasu. Lamba 30 ta kai, ita ce kuma ta ƙarshe da ta shiga arba'in na farko a Amurka. Ni dai ina ganin ta fi All I Really Want to Do nesa ba kusa ba, wadda in da ni ne mai zaɓe ita zan fara cirewa, ko a kasuwar Amurka ma ta Cher ce ta doke tasu, tasu ta tsaya a 40, sai dai a Ingila ta kai lamba 4 shi ya sa ta samu kujera.

Yanzu ga inda faifan ya yi zalunci, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba zan ce maka ya isa ba. Gene Clark. A shekarar farko shi ne marubucin ƙungiyar na gaske, faifansu na farko da na biyu cike suke da waƙoƙinsa, amma a nan waƙa ɗaya tal aka sa wadda shi kaɗai ya rubuta, I'll Feel a Whole Lot Better, ita ma asalinta a bayan ƙaramin faifai aka sa ta, Tom Petty ya sake rera ta a 1989. Babu Set You Free This Time, babu Here Without You, babu The World Turns All Around Her, babu She Don't Care About Time wadda ke bayan Turn! Turn! Turn! kuma wallahi ta fi rabin abin da ke faifan nan. Daga babban faifansu na biyu gaba ɗaya waƙa ɗaya aka ɗauka, daga na farko kuwa biyar. To wanda ya tsaya a nan dole ya yi tambayar da ka yi, ya ɗauka ba su iya rubutu ba sai aro, alhali mai rubutun yana nan an dai bar shi a waje ne saboda yawanci ba waƙoƙinsa kamfani ya tura rediyo ba. Kamar mutum ne ya sayi kaset ɗin zaɓaɓɓun waƙoƙin Shata a tasha, waɗanda mai kaset ya ga sun fi tafiya, ya ce ya gama sanin Shata.

Clark ya bar ƙungiyar a farkon 1966. Dalilin da aka fi faɗa shi ne tsoron jirgin sama, ya taɓa sauka daga jirgi ana shirin tashi, amma akwai maganar kuɗi ma, don marubuci yana da kason da sauran ba su da shi, kuma hakan ya jawo ƙyashi a tsakaninsu. Wannan kason marubucin yana da kyau ka gane shi don ya shafi tambayarka kai tsaye, duk kwafin faifan nan da aka sayar, kuɗin rubutun waƙa huɗu wajen Dylan da kamfanin da ke riƙe da waƙoƙinsa yake tafiya. Shi ya sa duk ƙungiyar da ta fara da aro take gaggawar koyon rubuta nata, ba don burga kaɗai ba.

Haka Chris Hillman, a faifansu na huɗu Younger Than Yesterday ya fito da waƙoƙi masu kyau irin su Have You Seen Her Face da Time Between, Crosby kuma yana da Everybody's Been Burned, duk ba su samu shiga ba. Da aka sake fitar da faifan a CD a 1999 an ɗan gyara, aka ƙara uku, It Won't Be Wrong da Set You Free This Time da Have You Seen Her Face. In a intanet kake ji ka duba ko mai 11 ne ko mai 14.

Abu na biyu shi ne lokacin da ya fito. Agusta 1967 gidan ya riga ya fara tsagewa. A watan Yuni a bikin waƙoƙi na Monterey Crosby ya tsaya tsakanin waƙoƙi yana ta surutu kan kisan Kennedy, sannan ya hau dandamali ya yi wasa da wata ƙungiyar, Buffalo Springfield, abin ya ƙona wa McGuinn da Hillman rai. Waƙarsa Lady Friend da aka fitar a Yuli ba ta yi kasuwa ba. A watan Oktoba suka sallame shi, kafin shekara ta ƙare Michael Clarke ma ya tafi. Wato ƴan watanni bayan fitowar faifan nan, mutanen da ke jikin bangon sun watse saura biyu. Crosby ya je ya kafa Crosby, Stills & Nash ya fi da samun kuɗi.

Kuma abin mamaki a cikin wannan rikicin ne suka yi The Notorious Byrd Brothers da ya fito a Janairu 1968, wanda masu bin su da yawa ke cewa shi ne mafi kyawun faifansu, ni ma ina kusa da wannan ra'ayin. Bayansa wani mawaƙi Gram Parsons ya shigo ƙungiyar suka tafi Nashville, cibiyar kiɗan ƙauyen Amurka, suka yi Sweetheart of the Rodeo a 1968, kiɗan ƙauye tsantsa da dogon gashi, mutanen Nashville ba su karɓe su hannu biyu ba, masoyansu na da ma suka ja baya, bai sayu ba, amma daga wannan hanyar ƙungiyoyi irin su Eagles suka biyo a shekarun 1970 suka kwashi abin da su ba su kwasa ba. Parsons bai yi shekara ba ya fita, ya ƙi bin su wasa Afirka ta Kudu ya ce saboda wariyar launin fata, Hillman ma ya bi shi suka kafa The Flying Burrito Brothers. McGuinn ya ci gaba da sunan da sababbin mutane, ciki har da Clarence White wanda a hannu kam ya fi duk wanda ya taɓa riƙe jita a ƙungiyar, har zuwa 1973. Akwai kashi na biyu na tarin waƙoƙin da ya fito a 1972 don wannan zangon, amma bai kama ƙafar na farkon ba, don zangon ba na waƙoƙin rediyo ba ne, na manyan faifai ne da wasan dandamali.

Kar wannan ya sa ka raina wanda ke hannunka fa. Yawancin irin waɗannan tarin suna tsinto waƙoƙi daga shekara goma ko ashirin, murya ta canja, kayan kiɗa sun canja, sai ka ji kamar ƙungiyoyi uku ne aka cusa wuri ɗaya. Wannan kuwa shekara biyu ce kawai, kusan mutane ɗaya, jita ɗaya, shi ya sa yake tafiya kamar dama can haka aka tsara shi, har mujallar Rolling Stone ta sa shi a jerin manyan faifai 500 da ta fitar a 2003, abin da ba kowane faifan tari ke samu ba.

In shawara kake so, ka gama da wannan tukuna, ka ji shi a jere yadda yake kar ka tsallake. Daga nan ka koma faifansu na farko Mr. Tambourine Man don ka ji Gene Clark sosai, sai Younger Than Yesterday, sai The Notorious Byrd Brothers. Sweetheart of the Rodeo ka bar shi ƙarshe, don in ka shiga da kunnen jitar nan mai tsirkiya 12 za ka ɗauka wata ƙungiya aka sa maka, da ƙyar za ka ji ta a ciki. Shi kuma faifan kawun naka, kafin ka ɗora shi a kan kowace na'ura ka duba bangon ko an rubuta mono ko sitiriyo don a 1967 iri biyu aka buga, ka goge shi da tsumma mai laushi kana bin zagayen layin, kuma ka tabbata allurar ba tsohuwa ba ce, tsohuwar allura cin faifai take.